Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Ake Saita Ingancin Hoto a Manhajar Blender



Duk wanda ya halarci taron iyaye na watan Sha'aban zai tuna da hoton da aka rataye a gaban zauren: makarantarmu da bene a kanta, azuzuwa huɗu a sama, matakala ta gefen gabas, hantsi na dukan baranda. Da aka tashi, wata Hajiya ta tare ni tana tambaya a wane gari aka ɗauki hoton, don ita duk zamanta a Kumasi ba ta taɓa ganin makaranta mai kama da tamu haka ba. Na ce mata, "Hajiya, ai ko bulo ɗaya ba a aza ba tukuna, a kwamfuta aka gina shi."

Tun daga ranar 'yan ajina na kwamfuta na ranar Asabar ba su bar ni na huta ba. Iyaye biyu kuma sun same ni da maganar cewa 'ya'yansu sun ce aikin ba ya yiwuwa sai an saya musu babbar kwamfuta. Shi ya sa na nemi waɗannan shafuka don in bayyana yadda hoton ya samu, da kuskuren da ya kusa kunyata ni, da saitunan da suka fitar da ni.

Mene ne renda?

Manhajar da na yi aiki da ita sunanta Blender. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya ƙirƙire ta. A shekarar 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000, aka fanshe ta, ta zama kyauta ga kowa. Saboda haka mai sauke ta bai ci haƙƙin kowa ba, kuma ba ya biyan ko sidi ɗaya ban da kuɗin data.

A cikinta ana gina abu mai tsawo da faɗi da zurfi, a shafa masa fenti, a sa rana ko fitila, a girke kyamara. Amma duk wannan ƙwarangwal ne. Kafin ya zama hoton da za a nuna wa mutane, sai kwamfuta ta zauna ta lissafa yadda haske zai sauka a kan kowane bango da inda inuwa za ta faɗa. Wannan lissafin ake kira renda. Iyayenmu da suka san zamanin fim, lokacin da ake kai wa mai hoto ya wanke, su ɗauke shi a matsayin wankin hoto. A Blender ana danna F12 ne a fara shi.

Mu 'yan makarantar Larabci muna da gado a cikin wannan ilimi. Kimanin shekara dubu da ta wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Injin da ke cikin Blender mai suna Cycles, wanda aka shigar a 2011, a kan hanyoyin hasken nan yake aiki, sai dai yana bin su ta baya don rage wahala. Daga kyamara yake tura ɗan aike, ya bugi bango, ya yi tsalle zuwa daɓe, ya sake tsalle, har ya iske rana ko fitila, sannan ya dawo da labarin launin da ya gani.

Daren da na yi asara

Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni ya ce, "Malam ƙarami, ranar Lahadi za mu roƙi iyaye kuɗin bene. Gani ya kori ji. Za ka iya nuna musu abin da muke nufi?" Na ce, "Allah gafarta Malam, in sha Allahu." Na karɓi zanen maginin na kwana uku ina gini. Daren Alhamis na gama, na ce tunda aikin makaranta ne bari in kai komai ƙarshensa. Na sa girman hoton 3840 da 2160, na bar lambar 'yan aike a 4096, na danna F12. Kwamfutar ta nuna saura wajen awa 11.

Na kwanta. Can wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta, dumso ɗin da muka saba, batirina kuwa ya tsufa, ba ya riƙe ko awa ɗaya. Da na tashi sallar asuba na tarar da baƙin allo. Awa biyar na aiki sun tafi a banza, domin renda da bai ƙare ba ba ya barin komai. A ranar Juma'ar nan na zauna na bi saitunan ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan tsohuwar kwamfutar aka wanke hoton da kuka gani cikin minti 12. Ga abin da na taɓa.

Na farko: girman hoto

Kowane hoto na kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksal. Blender tana buɗewa da faɗi 1920 da tsayi 1080, wato ɗigo 2,073,600. Girman da na zaɓa da farko ɗigo 8,294,400 ne. Ku lura, ninka faɗi da tsayi sau biyu ninka aiki ne sau huɗu. Da na koma 1920 da 1080, awa 11 ta dawo ƙasa da awa uku.

Wannan saitin yana shafin da ke da alamar na'urar buga takarda, a hannun dama. Ƙarƙashin lambobin akwai wani gurbi da aka rubuta 100%. Idan ka mai da shi 50%, hoton zai fito 960 da 540, kwata ɗin aiki ke nan. Da shi nake duk gwaje-gwajena.

Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, a ina za a kalli hoton nan? Idan a waya ne, 1920 ya isa har ya yi yawa, ballantana WhatsApp yana matse hoto in ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Idan cikakken shafin A4 za a buga a riƙe a hannu, madaba'a na son ɗigo 300 a kowane inci, wato 2480 da 3508. Tutar da ake rataye a kalla daga nesa kuwa ba ta buƙatar cunkoson ɗigo haka, don ido ba ya rarrabe su daga bayan zaure. Mai buga mana tuta a Adum da kansa ya ce abin da na kawo ya wadatar.

Na biyu: yawan 'yan aike

Wannan shi ne zuciyar maganar. A shafin da ke da alamar bayan kyamara akwai sashen samfur, mai gida biyu, ɗaya na leƙe yayin aiki, ɗaya na wankin ƙarshe. Lambar samfur ita ce adadin 'yan aiken da kowane ɗigo zai tura.

A ce Mama tana son sanin farashin kwanon shinkafa a Kejetia. Idan yaro ɗaya ta aika, zai iya faɗawa hannun mai tsada ko mai araha, ya dawo da labarin da bai dace da kasuwar ba. Idan yara ashirin ta aika ta haɗa amsoshinsu ta raba, za ta kusanci gaskiya. Haka ɗigon hoto yake. In 'yan aike sun yi kaɗan, wannan ɗigo ya dace da haske, maƙwabcinsa bai dace ba, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Amma akwai wata ƙa'ida ta lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe: don rage tsakin nan da rabi, sai an ninka samfur sau huɗu. Daga 16 zuwa 64 bambancin a bayyane yake. Daga 64 zuwa 256 ana ganinsa. Daga 1024 zuwa 4096 kuwa ka ninka lokacinka sau huɗu a kan gyaran da ido da ƙyar yake kamawa. Tun fitowar Blender 3.0 a ƙarshen 2021, lambar da manhajar ke zuwa da ita 4096 ce, kuma mai sabon hannu yakan zaci dole ne a bar ta haka. Ni na sauke ta zuwa 256, kashi ɗaya cikin goma sha shida ke nan. A nan ne ƙasa da awa uku ta koma mintoci.

A saman lambar akwai wani gurbi mai ɗauke da 0.01. Shi ne ma'aunin tsakin da ka yarda a bari. Duk ɗigon da ya kai wannan tsabtar sai ya daina aike, kamar sararin sama da ke gamawa da wuri, a bar ƙarfin kwamfuta ga lunguna masu duhu. Ƙaramar lamba tsanani ce, babba sassauci. Ina sa 0.1 a gwaji, 0.03 a ƙarshe. Akwai kuma gurbin iyakar lokaci, inda za ka ce wa injin ya tsaya bayan minti kaza ya ba ka abin da ya samu. Ga mai zaman ɗar-ɗar da wuta, wannan gurbin aboki ne.

Na uku: mai sharar tsaki

Abin da ya sa 256 ta isa shi ne mai sharar tsaki, wato dinoyis, wanda ke ƙasan sashen samfur. Blender tana zuwa da na kamfanin Intel mai suna OpenImageDenoise, yana aiki a kwamfutar da ba ta da katin zane ma. Bayan an gama aike, sai ya bi hoton ya share yashin ya daidaita launi.

Sai dai shi mai hasashe ne, yana cike gurbi da abin da yake zato. Da na gwada shi da samfur 16, bango ya fito sumul, amma inuwar bulo mai huji na baranda ta narke kamar an shafa mata man shanu, allon da ake hange ta gilashin taga kuma ya dagule. Ka ba shi isasshen labari tukuna. Bayan an gama ka matso da hoton ka duba lunguna da inuwoyi da duk abin da ke bayan gilashi, don a nan yake yin ɓarna.

Na huɗu: tsallen haske

A sashen hanyoyin haske ake ƙayyade sau nawa ɗan aike zai yi tsalle kafin a dakatar da shi. Jimillar da manhajar ke zuwa da ita 12 ce, a ciki 4 na bango marar ƙyalli, 4 na abu mai ƙyalli, 12 na ratsa gilashi. Hoton waje da tsakar rana ba ya buƙatar tsalle da yawa, don rana na dukan komai kai tsaye, kuma na rage na bango zuwa 2 ban ga bambanci ba.

Cikin aji labarin daban ne. Hasken da ke cikin ɗaki yawancinsa ya shigo ta taga ne ya bugi daɓe, ya hau silin, ya sauko kan benci. Da na bar tsalle ɗaya, sai ajin ya yi duhu kamar kurkuku, abin da ba zai sa wani uba ya zura hannu a aljihu ba. Na mayar da shi 4. Haka tagoginmu na luba: kowane gilashi fuska biyu gare shi, shiga da fita, kuma idan lambar ratsawa ta gaza yawan fuskokin da ke jere, gilashin baƙi zai fito. Wanda ya ga baƙar taga ya duba nan kafin ya zargi kwamfutarsa.

Wani lokaci za ka ga fararen ɗigogi masu walƙiya warwatse a hoto, irin ƙwarin nan masu haske da dare. Suna faruwa ne idan ɗan aike ɗaya ya dace da wata hanya mai tsananin haske, misali ta madubi zuwa rana. Maganinsu biyu ne a wannan sashen. Akwai gurbin ƙayyade ƙarfin hasken da ya yi tsalle, mai ɗauke da 10, a rage shi zuwa 5 ko 3. Akwai kuma akwatuna biyu na walƙiyar da gilashi da ruwa ke zubawa a ƙasa, a kashe su. Hoton gini ba ya rasa komai da rashinsu.

Na biyar: nauyin kaya

Idan kwamfuta ta tsaya cak ko manhajar ta rufe kanta, galibi ma'ajiyar aiki ce ta cika. Na yi wannan kuskuren da butocin alwala. Na sa musu matakin sulɓi 4 don su yi kyau, alhali kowane mataki ninka fuskoki yake sau huɗu. Buta mai fuska 500 ta zama mai fuska 128,000, ga su guda goma sha biyu, kuma a hoton ko girman ƙwayar gyaɗa ba su kai ba. Hotunan fenti ma haka ne: wanda faɗinsa 4096 yana cin wuri sau goma sha shida na mai 1024. A sashen sauƙaƙawa za ka iya sa iyaka ɗaya ga duk sulɓi da duk hotunan fenti a lokaci guda. Abin da ke kusa da kyamara ka ƙawata shi, na nesa ka bar shi da sauƙi, wanda ke bayanta kuwa ka ɓoye shi in ba inuwarsa kake so ba.

Injin gaggawa da maganar bidiyo

Blender tana da wani injin, Eevee, wanda ya zo da fitowar 2.80 a 2019. Shi dabarun wasannin kwamfuta yake bi, yana kwaikwayon haske cikin daƙiƙoƙi. Gilashinsa da hasken cikin ɗakinsa ba su kai na Cycles gaskiya ba, amma kada a raina shi. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025, a Blender aka yi shi kuma da Eevee aka wanke shi.

Amfaninsa ya fi fitowa a bidiyo. Daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce, saboda haka daƙiƙa 10 hoto 240 ke nan. In kowane zai ci minti 12, kwana biyu cur za a yi. In kuwa daƙiƙa 20 yake ci a Eevee, minti 80 an gama. Ga kuma shawarar da na saya da tsada: kada ka sa manhajar ta fitar da bidiyo kai tsaye. Ka ce ta ajiye hotuna ɗaya-ɗaya a matsayin PNG, ka cire alamar da ke ba ta izinin rubutu a kan tsoho. In wuta ta ɗauke a hoto na 150, gobe daga nan za ta ci gaba. Daga baya sai ka haɗa su a sashen gyaran bidiyo na Blender ɗin.

Tsarin da nake bi yanzu

Ina fara gwaji da girma 50% da samfur 32 da mai shara a kunne, don duba haske da mazaunin kyamara kawai. Idan wani lungu ne ke damuna, sai in shiga idon kyamara in danna Ctrl da B in zana akwati a kansa, injin ya wanke wannan wurin kaɗai. Ina canza saiti ɗaya a lokaci guda in rubuta sakamakon da mintocinsa a littafi, don wanda ya taɓa abu uku tare ba zai san wanne ya yi aikin ba. Sai komai ya kwanta mini sannan in mayar da 100% in ɗaga samfur. Ina ajiye fayil kafin in danna F12, da an gama kuma in ajiye hoton nan take, domin Blender ba ta ajiye shi da kanta.

Wanda kwamfutarsa ke da katin zane na Nvidia ko AMD ya shiga saitunan manhajar ya kunna shi, sannan ya zaɓe shi a shafin renda, zai ga sauri sosai. Kowa kuma ya ɗora kwamfutarsa a kan tebur. Katifa da darduma suna toshe ƙofofin iska, ƙurar hunturu ma haka, kuma idan na'urar ta yi zafi rage gudu take don kare kanta.

Zuwa ga iyayenmu

Idan yaro ya ce sai an saya masa babbar kwamfuta, ku fara tambayarsa lambar samfur nawa ya sa, girman hoto nawa, ya kunna mai shara ko bai kunna ba. In ya kasa amsawa, ku turo mini shi ranar Asabar bayan azahar. Babbar kwamfuta tana da ranarta, musamman ga wanda ya fara karɓar aikin kuɗi daga magina da kafintoci, amma koyo ba ya jiran ta. Ku kuma sani cewa idan kun ga kwamfuta a kunne yaro ya tafi masallaci, wataƙila renda take yi, kada a zare mata waya.

Akwai abu ɗaya da Malam ya koya mini wanda babu shi a cikin saituna. Da na kai masa hoton farko, na sa tayil mai ƙyalli a baranda da fitilu a bango don ya burge. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni, "Waɗannan suna cikin lissafin magini?" Na ce babu. Ya ce, "To cire su. Mutane za su ba da kuɗinsu a kan abin da suka gani, ranar buɗewa kuma za su zo neman sa." Na koma na sa daɓen siminti da fentin da kwamiti ya amince da shi, na sake wankewa, minti 12. Shi ne hoton da kuka gani, kuma shi ne benen da muke fatan Allah Ya ba mu ikon ginawa.

Ajin Asabar mai zuwa za mu wanke aji ɗaya sau huɗu, da samfur 16, 64, 256 da 1024, kowa ya rubuta mintocinsa ya gani da idonsa inda ƙarin ya daina amfani. Wanda yake da kwamfuta ya zo da ita da cajarta, wanda ba shi da ita ya zo da littafi da biro, za mu zauna bibbiyu.